Zuwa Kallon Mawaƙin Gargajiya a Jos: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu sha'awar kiɗan gargajiya suka fi yi, musamman waɗanda suka daɗe suna jin mawaƙi a rediyo ko a waya amma ba su taɓa zama gabansa ba. Maganar a nan ta masu kalangu ce da kotso da kukuma da gurmi da kuntigi da ƙwarya, ba ta mawaƙan situdiyo ba.

A ina ake samun irin wannan wasa a Jos, tunda ba a cika ganin tallarsa ba?

Mawaƙin gargajiya ba ya cika kama zaure ya sayar da tikiti. Gayyatarsa ake yi. Don haka inda za ka same shi shi ne bikin aure, naɗin sarauta, wasan Sallah, ajo, taron ƙungiyoyin 'yan kasuwa da direbobi da mahauta, sai kuma taron siyasa idan kakarta ta zo. Wasu a ɗakunan taro na otal ake yi, wasu a fili a kafa rumfuna, wasu kuma a tare layi a cikin unguwa, kamar yadda ake gani a Gangare, Dilimi, Unguwar Rogo, Rikkos da cikin Bukur. Labarin yakan fito ta sanarwar rediyo, ta katin gayyata da ke yawo a WhatsApp, ko ta bakin yaran mawaƙin. Wanda ya samu lambar ɗaya daga cikin 'yan amshi ya fi mai jiran talla sanin inda za a yi.

A watan azumi kusan komai yana tsayawa. Bayan ƙaramar Sallah da babba, da kuma watan Disamba da bukukuwa ke yawa, nan ne kasuwar ke ci.

Idan wasan na biki ne, wanda ba a gayyata ba zai iya zuwa?

Idan a fili ne ko a layi, ƙwarai kuwa, sai dai kujerun gaba na masu biki ne. Idan a zaure ne mai kati, to sai da kati.

Katin ya ce ƙarfe huɗu na yamma. Ƙarfe nawa zan je?

Ƙarfe huɗun lokacin jera kujeru ne da gwada lasifika. Wasa yana da matakai, kuma wanda ya san su ba ya ɓata rai. Da farko yara da ƙananan makaɗa ne ke share fage. Sai makaɗan mawaƙin su zauna su daidaita kaya, su yi ta kiɗa babu waƙa, sanƙira, wato mai yi wa mawaƙi shela, yana jefa kirari. Shi uban tafiyar ba ya fitowa sai ya ji manyan baƙi sun zauna, don ba zai ƙarar da muryarsa a kan kujeru ba. Idan magariba ta kawo kai ana tsayawa a yi salla, kuma sau da yawa wasan gaske sai bayan isha'i.

Amma kada wannan ya sa ka makara. Mai son wurin zama mai kyau ya je da kamar awa ɗaya bayan lokacin da aka rubuta. Buɗewar ma abin gani ce: yawancinsu da sunan Allah da salatin Annabi suke farawa, sannan mawaƙi ya wasa kansa, ya ambaci iyayen gidansa da wanda ya koya masa, kafin ya juyo kan mai biki. A nan ake jin lafiyar muryarsa ta wannan dare.

Na haddace waƙar tun daga farko har ƙarshe, amma da ya yi ta a fili sai ta fito daban. Mantawa ya yi?

Bai manta ba. Abin da ka haddace hoton rana ɗaya ne kawai. Waƙar baka tana da abin da ba ya motsi, wato gindinta ko amshinta da kuma karin kiɗan, tana kuma da 'ya'ya, su ne baitocin da mawaƙi ke ɗorawa yana saukewa yadda fili ya ba shi. Yau zai sako ɗan da ka sani, gobe ya tsallake shi ya ƙirƙiro sabo saboda wani ya shigo, ko ruwa ya tsuge, ko wani ya yi kyautar da ta girgiza wurin. Waƙar da take minti 12 a kaset tana iya kai minti 40 a fili, tana kuma iya mutuwa a minti biyar idan mawaƙi ya ga jama'a ba su karɓa ba.

Haka manyan ma suka yi. Masu tara waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, sun san waƙa ɗaya tana da zubi da yawa, kowanne da mutanen da aka ambata a cikinsa. Haka na Musa Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991. A ganinmu wannan shi ne dalilin zuwa kallo gaba ɗaya. Mai son jin abin da ya sani daidai-wa-daida, wayarsa ta ishe shi. A fili kuwa kana ganin lokacin da baiti ke haihuwa: mawaƙi ya ɗan yi jim, ya bar 'yan amshi su maimaita sau biyu maimakon ɗaya, idonsa na kan wani a layin gaba, sai ya ɗaga hannu kalangu ya lafa, ya saki maganar. Wannan maimaicin amshi ba cika lokaci ba ne, a cikinsa yake ɗinka abin da zai faɗa.

Su waye mutanen da ke kewaye da shi, kuma mene ne aikin mai ihun nan da ke katse waƙa?

'Yan amshi su ne masu karɓa. Makaɗa kuma kowa da muryar kayansa: a rukunin kalangu akwai babba mai magana, akwai ƙanana masu riƙe kari kada ya zame. Mai ihun shi ne sanƙira, kuma ba katse waƙa yake ba. Shi ne idon mawaƙi da kunnensa. Shi ya san wane ne ya shigo, ɗan wane ne, jikan wane ne, sana'arsa mece ce, kuma shi ke shelar abin da aka bayar. In ka ga ya sunkuya ya raɗa wa mawaƙi magana a tsakiyar amshi, to saurari baitin da zai biyo baya, sabon suna zai fito.

Akwai kuma masu tafiya su kaɗai. Jos ta san wannan fiye da ko'ina, don Adamu Ɗanmaraya, haifaffen Bukur a 1946 wanda ya rasu a watan Yunin 2015, shi da kuntiginsa kawai yake tsayawa, babu ɗan amshi, kuntigin ne ke karɓa masa. Irin wannan wasa yana son shiru. Surutun da kalangu zai danne, kuntigi ba zai iya ba.

A ina ya fi kyau in zauna?

Ba gaban lasifika ba. Mutane suna rububin gefen dandamali don su ga fuska, alhali nan ne akwatunan sauti suke, a tashi kunne yana ƙugi har washegari. Ƙugin nan alama ce ta cewa kunne ya wahala. Masana lafiyar ji suna cewa ƙarar da ta kai desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti, minti 15 ya ishi kunne a rana, kuma bakin babbar lasifika yakan wuce haka. Gwaji mai sauƙi: idan sai ka yi ihu na kusa da kai zai ji ka, ka matsa.

Wuri mafi daɗi shi ne tsakiya, daidai saitin mawaƙi, kamar taku 15 zuwa 25 daga dandamali, inda sautin lasifikar dama da ta hagu ke haɗuwa. In akwai teburin mai haɗa sauti a cikin jama'a, zauna kusa da shi, don da kunnensa a wurin yake daidaita komai. Can baya sosai kuma wata matsalar ce. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, saboda haka daga mita 70 za ka ga hannun makaɗi ya sauka kafin ka ji bugun, abin ya riƙa yi maka kamar fim ɗin da murya ta saɓa da baki. A zaure mai silin kwano ko bangon siminti tsirara, ka guji kusurwa da jikin bango, nan amo ke taruwa kalmomi su cakuɗe.

Duba inda janareto yake da inda iska ke kaɗawa kafin ka zauna. Hayaƙinsa na awa uku ba wasa ba ne.

Me ya sa makaɗa ke kai kayansu bakin wuta a tsakiyar wasa?

Fata ce, tana sha tana bushewa. Idan iska ta yi laima fatar takan saki, sauti ya yi ƙasa ya zama dukum. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, damina tana kamawa daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, raɓar dare kuma tana sauka da wuri, don haka wannan matsala ta fi damun makaɗa a nan fiye da Kano ko Katsina. Maganinta shi ne a kara fatar kusa da garwashi, ba a kan harshen wuta ba, ana juyawa ana ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa har muryar ta dawo. Minti biyu zuwa biyar ya isa. In aka yi gaggawa aka kusanta da yawa, fatar ta ƙone ko ta tsage, wasan wannan kayan ya ƙare.

Kalangu yana da sauƙi, don mai shi yana matse tsarkiyoyin da hammata ya ɗaga murya yadda yake so. Waɗanda fatarsu a ɗaure take dindindin su suka fi shan wuya: kukuma, goge, gurmi, kuntigi. Goge da kukuma suna da ƙarin lalura, tsirkiyarsu ta gashin wutsiyar doki ce, in ta ji laima sai bakan ya riƙa zamewa, shi ya sa za ka ga mai shi yana goga ƙaro a kai a kai. Da hunturu kuma abin juyawa yake: iska ta bushe, fata ta ɗaure har ta yi barazanar fashewa, yatsun makaɗi su ƙage don sanyi. Idan ka ga an tsaya ana wannan hidima, ba raini ba ne. Sanƙira zai cike gurbin da barkwanci.

Ina jin kiɗa amma ba na jin abin da mawaƙin ke faɗa. Laifin wa?

Galibi na mai sauti ne. Yawancin masu ba da hayar kayan sauti sun saba da waƙar zamani mai son gunji, sai su ƙure ƙasan sauti su bar murya a baya. Waƙar gargajiya kuwa magana ce, in kalma ta ɓace an yi asarar dare. Kalangu kusan ba ya bukatar makirfo a ƙaramin zaure, amma sai ka ga an ba kowane makaɗi nasa, an bar 'yan amshi huɗu suna rabon guda ɗaya. Kuntigi kuma, da yake gwangwanin kifi ne aka rufe da fata aka ɗaura tsirkiya ɗaya, sai an kawo makirfo dab da shi, kamar faɗin tafin hannu. In ya yi nisa mai sauti zai ƙara ƙarfi, sai ƙarar nan mai tsinin tsiya ta tashi. Ita wannan ƙara tana faruwa ne idan makirfo ya jiyo abin da lasifika ke fitarwa ya sake mayar mata, musamman in mawaƙi ya taka ya wuce gaban akwatin.

Kada ka yi ta ɗaga hannu daga kujera. Je wurin mai sautin ka gaishe shi, ka ce, "Malam, don Allah a ɗan ɗaga muryar Alhaji, a rage gangar." Yawanci suna yi.

Yaya maganar liƙi? An ce yanzu laifi ne.

Ba yanzu ya zama laifi ba. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya hana watsa naira a wurin biki, da taka ta, da rawa a kanta, har da sayar da sababbin takardu. Hukuncin ɗaurin da bai gaza wata shida ba ne, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Abin da ya canza shi ne tun 2024 hukumar EFCC ta riƙa gurfanar da mutane a kai, kuma bidiyon da ake ɗorawa a intanet shi ke zama shaida.

Kyauta ga mawaƙi dai ba a hana ba. Hanyoyin da babu ƙura su ne ka miƙa wa sanƙira a hannu ya yi shela, ko ka sa a ambulan, ko ka ajiye a tire ko ƙwaryar da aka tanada ba tare da ya zube ƙasa ba, ko ka tura ta banki, don yawancin rukunoni yanzu suna da lambar asusu da ake faɗa. In ta banki ka tura, nuna wa sanƙira shaidar a waya, in ba haka ba babu wanda zai san ka yi. Ka zo da kuɗinka daga gida. Masu POS na bakin fili suna tsawwala caji, sabis kuma yakan ɗauke idan jama'a ta taru.

Wata shawara: yanke abin da za ka bayar tun kana gida, ka raba shi uku, ka bar kuɗin mota a wani aljihu daban. Kirari yana da maye. Mutum yana jin an ambaci kakansa an haɗa da garinsu, sai hannu ya riga hankali.

Ina so ya ambaci sunana, ko ya yi mini waƙar da na fi so. Yaya ake yi?

Ta hannun sanƙira, kuma tun kafin wasa ya yi zafi. Ba shi sunanka yadda ake kiranka, sunan mahaifi, gari ko unguwa, sana'a, da wani abu guda da aka san gidanku da shi. Suna tsurarsa ba ya waƙuwa, sai da abin ratayawa. "Ɗan gidan masu gwangwan a Bukur" ko "mai dankalin Farar Gada" ya fi sunan da babu jela saurin shiga baiti. Haɗa da ɗan goro. Rubutu a takarda yana taimakawa in sanƙiran yana karatu, amma faɗa a kunne ya fi tabbas.

Neman waƙa kuma yana da lokaci. Kada ka nema yana tsakiyar yi wa mai biki waƙa, fili nasa ne, shi ya biya kafin alƙalami. Jira a gama da manyan baƙi. Sannan ka sani akwai waƙar da ba zai yi ba ko nawa ka ba da: wadda ya yi wa wani basarake ba zai rera ta gaban abokin hamayyarsa ba, wadda ya yi wa wanda ya rasu kwanan nan wataƙila zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. In sanƙira ya ce "sai wani jiƙon", ka bar ta nan.

Gaskiya ne in ban ba da komai ba zai yi mini zambo?

A'a. Talaka mai kallo babu ruwan mawaƙi da shi, tafi da guɗa ma kyauta ne. Habaici yana sauka ne a kan wanda ya yi alkawari a bainar jama'a ya cinye, ko wanda ya zauna kujerar gaba yana hura hanci, ko abokin gabar uban gidan mawaƙi. Ko shi ma ba a kama suna, siffa ake yi, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. In ka ji ana dariya ba ka gane ba, ba da kai ake ba.

Zan iya ɗauka a waya?

A yawancin wasannin fili babu mai hana ka, amma a bikin gida ka nemi izini, musamman ɓangaren mata. Ɗaukar don kanka daban, ɗora wasa sukutum a YouTube kana cin kuɗin talla daban. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba mai wasa iko a kan ɗaukar wasansa da yaɗa shi.

Ta fuskar inganci, kada ka ɗauka kusa da lasifika, makirfon waya ƙarami ne, sauti zai fashe ya zama ƙara. Bidiyo mai kyau yana cin kamar megabait 60 zuwa 130 a minti, wato awa ɗaya tana iya lashe gigabait huɗu zuwa takwas, ga batir da sanyi ke saurin zuƙewa. Idan kalmomin kake so, ɗauki murya kawai, ka ajiye wayar a cinya ka kalli wasan da idonka. Kashe fitilar waya, tana kashe wa makaɗa ido, su kuwa da ido suke karɓar umarni daga mawaƙi.

Mace za ta iya zuwa? Yara fa?

Ya danganta da irin wasan. Na zaure da na rana, iyalai suna zuwa, sau da yawa mata gefe maza gefe. Kiɗan ƙwarya da amada, irin wanda Barmani Choge ta Funtuwa ta shahara da shi har rasuwarta a 2013, asalinsa ma na mata ne a cikin gida ranar wuni ko suna, nan maza ne baƙi. Wasan layi na tsakar dare kuwa, Hajiya, ki je da 'yan uwa ki kuma dawo da wuri. Yara ƙanana a nesanta su da lasifika, jariri kuma a bar shi gida. Wasu baitocin na bayan ƙarfe goma ba na kunnen yara ba ne.

Me zan sa, kuma yaya zan koma gida?

Baƙi daga Kano da Abuja su suka fi faɗawa wannan tarko: su zo da shadda shara-shara, ƙarfe tara su fara kaɗuwa. A Disamba da Janairu sanyin daren Jos yakan sauka ƙasa da digiri 12. Sa rigar sanyi a ƙarƙashin kaftani, da safa, da hula mai rufe kunne ko rawani. Da damina riƙe lema, kuma kada ka zauna daidai inda rumfuna biyu suka haɗu, nan ruwa ke zuba. In ka ga wayoyin wuta kwance cikin ruwa, canza wuri.

Shirya abin hawan komawa tun kafin ka fito. An hana acaba a cikin Jos da Bukur, keke kuma akan taƙaita masa zirga-zirgar dare, ga shi wani lokaci ana sa dokar hana fita ba zato. Saurari rediyo da rana, ka yi magana da direban da ka sani, ka ajiye mota inda ba za a toshe ta ba. Waya da kuɗi a aljihun gaba, musamman lokacin da aka tashi rububin fita.

An ce zai zo, sai ga yaronsa, ko kuma ya zo murya a dishe. Me ke jawo haka?

A kakar biki mawaƙi ɗaya yakan karɓi wasa biyu ko uku a rana, wani a Bauchi wani a Jos, hanya kuma ba ta da tabbas. Wani lokacin mai gayyata ne bai cika kuɗi ba, mawaƙi yana masauki yana jira, jama'a suna zaginsa a fili ba su sani ba. Dishewa kuma ƙurar hunturu ce da rashin barci da waƙar dare uku a jere. Za ka gane ta idan ya riƙa barin 'yan amshi suna jan waƙa, ko ya sa aka sauke kiɗan ƙasa. In wasan na tikiti ne, tambayi masu shiryawa tun a ƙofa ko ya iso gari, kuma ka riƙe guntun tikitinka.

Ana iya gaisawa da shi bayan an tashi?

Ana iyawa, ta hannun yaransa. Kada ka tare shi yana saukowa, jiƙe yake da gumi cikin sanyi, abin da yake nema shi ne mayafi da ruwan ɗumi. Bari ya zauna. In an shigar da kai, ka rusuna, ka ce "Alhaji, sannu da aiki" ko "Baba, Allah ya ƙara basira", mace kuma "Hajiya" ko "Mama". Nemi izini kafin hoto. Kada ka ɗauki kayan kiɗansa don gwadawa, da yawansu ba sa son baƙon hannu a kai. In kana son ya tuna da kai, ambaci baiti guda da ya yi a daren, wanda babu shi a kaset, ka gaya masa ka ji shi. Minti biyu ya isa, akwai layi a bayanka, ga kuma rabon kuɗi da makaɗa ke jira a yi kafin kowa ya nemi makwanci.